Janar Chanoine: ministan yaƙin Faransa da ɗansa ya zubar da jini a ƙasar Hausa

A tarihin sojan Faransa, ana tuna Janar Jules Chanoine da ayyukansa a Asiya. A ƙasar Hausa kuwa, sunan gidansa na tafe ne da labarin garuruwan da aka ƙone a 1899.

An haife shi a birnin Dijon a 1835, ya yi karatun soja a makarantar Saint-Cyr. Ya halarci yaƙin da Faransa da Ingila suka ƙaddamar a kan ƙasar Sin a 1860, sannan a 1867 ya jagoranci tawagar hafsoshin da suka horar da dakarun Shogun na Japan. A watan Satumban 1898 aka naɗa shi ministan yaƙi, ana tsaka da rikicin Dreyfus, hafsan Bayahuden da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa. Chanoine ya tsaya tare da manyan hafsoshin da ba sa son a sake duba shari'ar. Ranar 25 ga Oktoba ya ajiye muƙaminsa a gaban majalisa, gwamnatin ta faɗi.

A wannan lokaci ɗansa, Kyaftin Julien Chanoine, shi ne mataimakin Kyaftin Paul Voulet a rundunar da aka tura daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Duk inda suka bi sai ƙone gari da kisa da kame bayi. A Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta yi musu turjiya a Lugu; a watan Mayu suka yi wa Birnin Konni kisan kiyashi. Da labari ya isa Paris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ragama, amma Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe su biyun a kusa da Maijirgi.

Mutuwarsu ba ta tsayar da mamayar ba. A ƙarshen Yuli ragowar rundunar, ƙarƙashin Pallier, da Joalland cikin hafsoshinta, ta ci Damagaram, daular da yaƙe-yaƙenta da Sarkin Kano Alu suka kai har Gezawa, ba nisa da Ajingi. Daga baya Joalland ya kai muƙamin janar.

Binciken da Faransa ta buɗe an rufe shi a 1902, aka ɗora laifin kan taɓin hankalin mutum biyu da suka riga suka mutu. Waɗanda suka tsara tafiyar, suka bar rundunar ta ciyar da kanta da ganima, ba wanda aka tuhuma. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023, amma jikokin mutanen Konni da Lugu har yanzu suna neman Faransa ta amsa laifinta, ta buɗe kundayen da ta adana.