Busol a cikin salula

A zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma yakan tashi daga Damagaram ya nufi Agadas, har ya kai Tarabulus. Madugu yana duba rana da duwatsu, da dare kuma taurari. Amma in hazo ya rufe sama, hanya takan ɓace. Wanda ya ɓata a hamada kuwa ƙishirwa ce ke jiransa.

Busol ba ruwanta da hazo. Allura ce mai maganaɗisu. Duniya ita ma babban maganaɗisu ce, ita ke jan bakin allurar wajen arewa. Mutanen Sin sun san wannan tun shekara kusan 1000 da suka wuce.

Yau busol ta shiga salula. In an buɗe salular, ba za a ga allura ba. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gero, shi ke jin jan maganaɗisun duniya. Yana auna ƙarfin jan ta tsawon salula, ta faɗinta, da ta kaurinta, ya ba da lambobi. Wani ɗan abin kuma yana faɗin ko salula tana kwance ko ta karkace.

Lambobi kaɗai ba su nuna hanya. Sai wani ya rubuta wa salula umarni daki-daki, don ita ba ta da wayon kanta. Ga yadda umarnin yake: karɓi lambobi. Lissafa inda arewa take. Juya kibiya ta nuna wurin. Koma farko. Salula tana maimaita wannan sau da yawa kafin ƙiftawar ido, shi ya sa kibiya ke motsi da zarar hannu ya motsa.

An raba da'ira digiri 360. Arewa 0 ce, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mai salla yakan ce ya fuskanci gabas. Amma daga Zinder, alƙibla tana wajen digiri 71, wato gabas ce mai ɗan karkata arewa. Mai rubuta umarni yana iya ƙara sharaɗi: in lamba ta kai 71, kibiya ta zama koriya, in ba ta kai ba, ta zauna ja. Baƙon da ya sauka tasha da dare sai ya juya a hankali har ya ga kore, ya shimfiɗa tabarmarsa.

Sai dai ƙarfe yana ruɗa ta. Kusa da mota ko ƙofar ƙarfe, kibiya takan nuna inda ba arewa ba. In haka ta faru, sai a matsa nesa, a kaɗa salula a iska kamar ana rubuta 8, sannan a sake dubawa.