Laifi a Daji, Shari'a a Birni: Yankin Ruwan Godiya

Ruwan Godiya mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Faskari, a ɓangaren Jihar Katsina da ya haɗa da Ƙanƙara da Sabuwa, wanda yake maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Laifin da aka saba da shi a da bai wuce satar shanu da ɓarnar gona ba, waɗanda mai gari da arɗo kan sasanta, in abin ya gagara a kai gaban alƙali. Yanzu kuwa ya rikiɗe ya zama fashin daji da garkuwa da mutane, wato tsare mutum har sai danginsa sun biya kuɗin fansa.

Girman laifin bai sa manyan masu aikata shi sun gurfana a kotu ba. Bayan kisan da aka yi a Kadisau ta Faskari a watan Yunin 2020, 'yan sanda sun sanya ladar naira miliyan 5 a kan jagoran 'yan bindiga Ado Aleru, amma a 2022 sai aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Zamfara. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, inda aka sako 344 bayan kwana shida, ya miƙa makamai an yafe masa, ya koma daji, a can abokan gaba suka kashe shi a 2021 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba.

Gidajen yari kuwa, waɗanda dokar 2019 ta sauya wa suna zuwa gidajen gyaran hali, cike suke da wasu mutanen daban, domin kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Nijeriya masu jiran shari'a ne, wato ba a yanke musu hukunci ba. Yadda hakan ke faruwa sananne ne: 'yan sanda kan kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, sai ya tura shi gidan yari har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, abin da kan ci watanni ko shekaru. Shaidar da zai taso daga ƙauye zuwa kotu a Funtuwa kuma yana tsoron hanya, yana tsoron infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto, saboda haka sau da yawa ba ya zuwa.

Wannan giɓi ne ya haifar da 'yan sa-kai, waɗanda hukuncinsu na nan take ya sha faɗawa kan Fulanin da ba su san hawa ba balle sauka, ya kuma ba 'yan bindiga hujjar ramuwar gayya. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 tana iya kama mutum, amma wanda ta kama layin jiran shari'ar nan zai shiga.