Mai algaita da mai koyon karatu



Duk wanda ya je hawan salla a Damagaram ya ji masu algaitar Sarki a ƙofar fada, cikin Birni. Mai algaita yana ta busa, sautin ba ya yankewa. To, yaushe yake numfashi?

Ga yadda yake yi. Yana tara iska cikin kumatunsa. Kumatun suna tura iskar cikin algaita, shi kuwa yana shaƙar wata ta hanci. Ku gwada da kara mai rami cikin ƙwaryar ruwa, ku ga wuyar abin.

Ba a koyonsa a wata guda. Yaro yakan bi ubansa tun yana ƙarami. Ya saurara, ya busa kullum. Leɓe ya yi ciwo, a yi masa dariya. Bayan shekaru sai ya tsaya gaban Sarki ba faɗuwar gaba, don baki da yatsu sun saba.

Karatu ma haka yake. In baƙaƙe sun rikice muku yau, kada ku bar aji. Ku karanta layi 5 kowace rana, har da damina. Wata rana ku da kanku za ku karanta wasiƙunku, ba mai jin asirinku.