Bazara a birnin Zariya: Me ya sa maƙwabta ba sa biyan kuɗin wuta iri ɗaya?

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, da wuya a zauna wata majalisa a cikin ganuwar Zariya a tashi ba a taɓo zancen wuta ba. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, tambayar ɗaya ce: "Kai nawa suka kawo maka wannan watan?"

Amsoshin kuwa ba sa haɗuwa. Wani ya sayi katin dubu biyar ya kai shi ƙarshen wata, wani na dubu ashirin bai kai shi mako uku ba. Na uku ba shi ma da mita, takarda kawai ake kawo masa, kuma ba ta san ko an ba da wutar ko ba a ba da ba.

Sai dai kwatanta takarda da takarda ba ya nuna wanda zafi ya fi ci wa aljihu. Idan aka zauna aka yi lissafi, sau da yawa gidan da ke sayen wuta da araha shi ne ke kashe kuɗi mafi yawa kafin fanka ta juya a kan 'ya'yansa da daddare.

Farashi biyu a gari ɗaya

Zariya tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a jihohin Kaduna da Sokoto da Kebbi da Zamfara. Tun 2020 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta gida biyar bisa awannin da aka yi musu alƙawari a rana. Rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4.

A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi kuma ana tsakiyar zafi, hukumar ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga ƙasa da naira 70. An ɗan sassauta zuwa 206.8 a watan Mayu, sannan ya koma 209.5 a Yuli. Sauran rukunan an bar su a kan tsohon farashi, wanda bai kai naira 70 ba, gwamnati na cike giɓin.

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne rukunin ba na unguwa ba ne, na layin da ke kawo wuta ne zuwa taransifoma. Gida biyu na iya kallon juna, kowanne yana kan layinsa, farashin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku. Hatta manyan ma'aikatu sun ji a jikinsu: Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fito ta koka cewa kuɗin wutarta ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira a wata.

Ga yadda abin yake a ƙaramin gida. Fankar sama tana jan kusan wat 70. Idan ta yi awa goma a rana, ta ci yunit 21 a wata. Fanka uku yunit 63 ke nan: kimanin naira 13,200 a rukunin A, ko 3,800 ga wanda ke sayen yunit a kan naira 60, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa wata duniya ce daban. Ƙarama daga ciki tana jan wajen wat 900, wato abin da fanka goma sha biyu ko sha uku za su ja. Awa shida a kowane dare ya kai yunit 160 da ɗoriya a wata, kusan naira 34,000 a rukunin A. Wanda ya saka ta a ɗaki ɗaya ya riga ya fita daga sahun maƙwabtansa, babu amfanin a kwatanta takardarsa da tasu.

Kuɗin da ba ya hawa takarda

To amma wanda ke rukunin D ko E, ina ribar arahar idan wutar ba ta zo lokacin da ake buƙatarta ba?

Bazara ce lokacin da kowa ke neman wuta, kuma ita ce lokacin da ruwa ke ja da baya a madatsun Kainji da Jebba da Shiroro. Tashoshin da ke aiki da iskar gas, waɗanda su ne ke samar da mafi yawan wutar ƙasar, sun sha rage aiki saboda bashin da masu ba su gas ke bi, kamar yadda ya faru a farkon 2024. Abin da ke isa ga jama'a a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Idan ta yi ƙaranci, layukan masu tsada ake fara kaiwa, domin can ne kuɗi yake kuma can ne hukuma ta fi sa ido.

Sai maigida ya koma kan ƙaramin janareta. Irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya yana shan kusan rabin lita a awa. A ɗauka litar fetur tana naira 900. Awa huɗu, daga bayan isha'i zuwa tsakar dare, naira 1,800 ke nan, wata guda 54,000.

Me aka samu da wannan kuɗi? Fanka uku da ƙwayaye da talabijin ba su wuce wat 300 ba, wato yunit ɗaya da ɗan ɗori a dare. Kowane yunit ya tashi a kan kusan naira 1,500, ninki bakwai na farashin da 'yan rukunin A ke kuka da shi. Ba a sa baƙin mai da kuɗin mai gyara ba, ba a sa hayaƙin da ke taruwa a lungu mai faɗin taku biyu ba.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A lokacin wannan lissafi yana da sauƙin haɗiya. Yanzu gidaje da yawa sun tura injin ƙarƙashin gado, sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Wanda ba shi da inji ma bai tsira ba, biyansa dai a warwatse yake. Kuɗin cajin waya a shago. Ƙanƙarar buɗa-baki, wadda farashinta ke tashi daidai ranar da aka kwana babu wuta. Sai ruwa: Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan famfo, rijiyoyin burtsatse kuma da wuta suke aiki, saboda haka duk ranar da mai rijiya ya tayar da inji, 'yan ga-ruwa kan ƙara kuɗin jarka. Babu wanda ke rubuta waɗannan a matsayin kuɗin wuta, alhali su ne.

Mita ɗaya, tukunya biyar

Abin da ya bambanta cikin birni da sababbin unguwanni shi ne gidan gado. Zaure ɗaya, sassa huɗu ko biyar, wa da ƙannensa da matansu da 'ya'yansu, wani lokacin har da 'yan haya, duka a kan mita ɗaya ko takarda ɗaya.

Da sanyi ba a cika jin kansu ba. Da zafi ne lissafi ke tashi. Wasu gidajen ɗaki ake ƙirgawa, wasu ƙwan fitila da fanka. Duka hanyoyin biyu suna da zalunci a ciki, domin ƙwan zamani wat 10 yake ci, dutsen guga kuma wat 1,000. Tsohuwar da ke da ƙwai ɗaya da rediyo tana iya biyan daidai da saurayin da ke guga kullum kuma yana dafa ruwa da hita.

Firiza ce ta fi jawo magana. Tana iya cin yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kuma da zafi injinta ba ya samun hutu sosai. Amma a gidaje da yawa wannan firizar ita ce jarin matar gida: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje, waɗanda yara ke fita da su. Watannin zafi su ne kakarta. A ce ta kashe, an kashe mata sana'a. A ce kowa ya biya daidai, sauran sassan sun ɗauki nauyin kasuwancin da ba nasu ba. Gidajen da suka huta da wannan rigima galibi ƙaramar mita suka saka wa kowane sashe, kowa ya ga abin da ya ci da idonsa. Kuɗinta bai kai darajar zumuncin da ake ɓatawa a kan dubu biyu ba.

Ga marasa mita kuwa, kuma rahotannin NERC na 2024 sun nuna su ne fiye da rabin masu rajista a ƙasar, akwai wani haƙƙi da ba kowa ya sani ba. Tun Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyaka ga yunit ɗin da kamfani zai iya rubuta wa wanda ba shi da mita, bisa abin da masu mita a yankinsa ke ci, kuma tana wallafa iyakar a shafinta. A farkon 2024 ta ci tarar kamfanonin raba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun tsallake ta. Wanda aka rubuta wa fiye da ƙa'ida yana da damar kai ƙorafi a rubuce ga kamfani, idan bai gamsu ba ya wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar.

Rufin ɗaki ma yana da nasa bil

Akwai kuma abin da ba kamfani ne ya kawo shi ba. Birnin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallacin Juma'a a ƙarni na 19 ya san sirrin ƙasa da azara. Katanga mai kauri da rufin soro suna shanye zafin rana a hankali, shi ya sa da azahar tsohon zaure yake da sanyi ko babu fanka. Gaskiya ne da daddare bangon yakan amayar da zafin da ya sha, amma a lokacin mutane suna tsakar gida.

Yau yawancin waɗannan ɗakuna sun koma bulo da kwano, kuma da dalili: soro yana son yaɓe duk shekara, magina sun yi ƙaranci, damina ba ta da sabo. Sai dai ɗakin kwano mara silin da ƙaramar taga tanda ne da rana. Fanka a cikinsa iska mai zafi take juyawa, kuma dole ta yi ta aiki tun hantsi. A irin wannan ɗaki ne ake cusa yara biyar ko shida a watannin da likitoci ke gargaɗi a kan sanƙarau da cunkoso. Silin da taga ta biyu da ke fuskantar ta farko kuɗinsu sau ɗaya ne, ba kowane wata ba.

Masu ɗan hali sun koma sola. Faranti ɗaya ko biyu da batir da fanka mai caji, wadda ba ta cin ko rabin abin da fankar sama ke ci, sun isa a kwana. Bayan duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace aka yi fiye da mako guda babu ita, kasuwar ta ƙara buɗewa. Matsalarta kuɗin farko ne, wanda faɗuwar naira ta ninka, sai batir da zafi ke rage wa kwana, sai ƙura da ke rufe faranti idan ba a goge ba.

Wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu hadari kan haɗo, garin ya yi sanyi, katin mita ya fara daɗewa. Amma ruwan farko da iska yake zuwa, turaku su faɗi, taransifomar da ta sha lodi wata biyu ta buga. Nan da nan sai a fara zagayawa gida-gida da littafin karo-karo, duk da cewa NERC ta sha nanata cewa gyaran taransifoma da sayen waya da turaku nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba. Mutanen unguwa sun san da haka. Sun kuma san tsawon jiran da za su yi idan ba su haɗa ba.