Idan Masu Manhaja Suka Yi Watsi da Ita, Wa Ke Karɓar Riƙo?

Kowace manhaja da ke aiki a kwamfuta ko a wayar salula tana da abin da ake kira rubutun tushe, wato jerin umarnin da masu tsara ta suka rubuta da harshen kwamfuta, wanda daga gare shi ne ake fitar da abin da mai amfani ke gani yana dannawa. Yawancin kamfanonin kasuwanci suna ɓoye wannan rubutu, ta yadda babu mai iya gyara kayansu sai su. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka fito da rubutun tushenta fili, aka kuma haɗa ta da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta shi, ya canza shi, ya kuma rarraba abin da ya canza. Mafi shahara daga cikin irin waɗannan lasisai shi ne GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1989, kuma a ƙarƙashinsa ne tsarin Linux yake, wanda mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet suke aiki da shi.

Wannan tsari ya samar wa duniya kayan aiki masu inganci a kyauta, amma ya zo da wata matsala da ba kasafai mai amfani yake lura da ita ba, wato cewa manhaja tana buƙatar mai kula da ita muddin ana amfani da ita. Masu kula su ne mutanen da ke karɓar ƙorafi, suna gyara kurakurai, suna toshe ɓarakar da masu kutse ke iya bi, suna kuma daidaita manhajar da sababbin na'urori. Da yawa daga cikinsu 'yan sa kai ne da ke wannan aiki bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, don haka gajiya ko rashin lafiya ko hidimar iyali kan sa su janye. A wasu lokutan kuma kamfani ne ke ɗaukar nauyin aikin, sai a sayar da shi ga wani kamfanin da ba shi da sha'awar ci gaba, ko kuma shugabanninsa su ga aikin ba ya kawo riba. Abin da ya sa lamarin yake da haɗari shi ne manhajar da aka yi watsi da ita ba ta daina aiki nan take. Tana buɗewa kamar kullum, shafinta yana nan ana sauke ta, alhali ta zama kango, ɓarakar da aka gano a cikinta tana ƙaruwa babu mai toshewa.

Mafitar da lasisin ya tanada ita ce abin da masu sana'ar ke kira fok, kalmar Turanci da ake amfani da ita wajen nuna inda hanya ta rabu biyu, wadda kuma a Hausa reshe ya fi dacewa da ita. Wasu mutane ne ke kwafe rubutun tushen gaba ɗayansa, su kafa masa sabon mazauni da sabon shugabanci, su ci gaba da raya shi ba tare da neman izinin masu asali ba, kamar yadda manomi ke yanko karan rogo ya dasa a wata gona ya tsiro ya zama shuka mai zaman kanta. Sai dai akwai abin da lasisin bai ba su ba, wato suna da tambari, domin waɗannan dokar alamar kasuwanci ce ke kare su, kuma suna zama a hannun wanda ya yi musu rajista. Daga nan ne ruɗani yake tasowa, saboda sau da yawa sunan da jama'a suka sani yakan tsaya a wuri ɗaya, masu aikin kuma su koma wani wuri da sabon suna.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar tarihin OpenOffice da LibreOffice, manhajojin aikin ofis da ake rubuta wasiƙa da lissafi da shirya jawabi da su, kwatankwacin Microsoft Office. Asalinsu wata manhaja ce mai suna StarOffice ta wani kamfanin Jamus, Star Division, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saya a 1999. A shekara ta 2000 Sun ya buɗe rubutun tushenta da sunan OpenOffice.org, kuma cikin shekaru goma ta zama babbar abokiyar hamayyar Microsoft Office a tsakanin manhajojin kyauta. Duk da haka masu ba da gudummawa daga waje sun daɗe suna ƙorafin cewa Sun yana jinkirta karɓar gyare-gyarensu, yana kuma neman su sa hannu a kan yarjejeniyar da ke ba shi haƙƙin mallakar abin da suka rubuta. Da kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a watan Janairun 2010, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 7.4, sai fargaba ta ƙaru, domin ba a san abin da sabon mai gida zai yi da aikin ba.

A ranar 28 ga Satumba 2010 wata ƙungiya daga cikin masu aikin ta sanar da kafa gidauniya mai suna The Document Foundation, tare da reshen da ta kira LibreOffice. Ta gayyaci Oracle ya shigo ya kuma ba da kyautar sunan OpenOffice, amma kamfanin ya ƙi, har ya nemi waɗanda ke cikin sabuwar gidauniyar su sauka daga majalisar tsohon aikin. Fitowar farko ta LibreOffice ta zo a watan Janairun 2011, kuma ba a jima ba manyan nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora da Debian da openSUSE suka koma kanta. A watan Yunin wannan shekarar Oracle ya miƙa OpenOffice, da sunanta da rubutunta, ga gidauniyar Apache, inda kamfanin IBM ya tallafa mata da ma'aikata na 'yan shekaru kafin shi ma ya janye. Wani bambanci na lasisi ya ƙara karkatar da ma'auni, domin lasisin Apache ya halatta wa LibreOffice ta ɗauki duk wani gyara mai amfani daga OpenOffice, alhali lasisin LibreOffice bai bari a kwashi nata a mayar can ba.

Sakamakon ya fito fili cikin 'yan shekaru. Babbar fitowa ta ƙarshe da Apache OpenOffice ta yi ita ce ta 4.1 a 2014, kuma abin da ya biyo baya tsawon shekaru ƙananan gyare-gyare ne kawai, har a watan Satumban 2016 shugaban aikin na lokacin, Dennis Hamilton, ya fito da batun yiwuwar rufe shi saboda ƙarancin masu iya toshe ɓarakar tsaro a kan lokaci. LibreOffice kuwa ta riƙe al'adar fitar da babbar siga sau biyu a shekara, kuma a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocinta kimanin 30,000 kanta. Duk da haka mutane da dama sun ci gaba da sauke OpenOffice saboda sunanta suka sani, abin da ya sa The Document Foundation ta rubuta wa Apache buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Oktoban 2020, tana roƙon a riƙa nuna wa masu zuwa shafin cewa akwai wadda ta gaje ta.

Irin wannan rabuwa ta maimaitu a wurare da yawa, ko da yake dalilan sun bambanta. Michael Widenius, ɗan ƙasar Finland wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, manhajar rumbun bayanai da shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke ajiye bayanansu a ciki, ya kafa reshen MariaDB a 2009 saboda shakkar makomar aikin a hannun Oracle, kuma Wikipedia ta koma kansa a 2013. A nan asalin bai mutu ba, dukansu biyu suna raye. Manhajar Hudson, wadda masu tsara manhajoji ke gwada aikinsu da ita, ta koma Jenkins a farkon 2011 bayan jayayya da Oracle kan mallakar suna, kuma da masu aikin suka bi sabon sunan sai tsohon ya dusashe. A watan Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa tallafin CentOS 8, wani nau'in Linux, zai ƙare a ƙarshen 2021 maimakon 2029 da aka yi alkawari, sai AlmaLinux da Rocky Linux suka fito a 2021 suka cike gurbin. Akwai kuma yanayin da kamfani ke sauya lasisi ya taƙaita 'yancin da ya bayar, inda jama'a ke ɗaukar sigar ƙarshe da ta fita da tsohon lasisin su ɗora daga nan, kamar yadda OpenTofu ta fito daga Terraform a 2023, Valkey kuma daga Redis a 2024, dukansu a ƙarƙashin inuwar Linux Foundation.

Sai dai ba duk wanda ya miƙo hannu don karɓar riƙo ne abin amincewa ba, kuma abubuwa biyu da suka faru sun isa gargaɗi. A 2018 mai kula da wata ƙaramar manhaja mai suna event-stream, wadda ya daina amfani da ita amma wasu manhajoji masu yawa suka dogara da ita, ya miƙa ta ga wani baƙo da ya nuna sha'awar taimakawa, sai baƙon ya cusa mata umarnin da aka shirya don satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da lalitar Copay. A 2024 kuma aka gano cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekaru biyu yana taimaka wa mai kula da xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, har ya sami amana da iko, sannan ya dasa ɓoyayyar ƙofa da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya bankaɗo ta a ƙarshen watan Maris, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura. Abin da ya haɗa lamuran biyu shi ne aikin da duniya ta dogara da shi ya rataya a wuyan mutum guda da ya gaji, kuma Hausawa sun riga sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka akwai alamomin da ake dubawa kafin a yanke hukunci cewa manhaja ta zama kango, ko cewa reshenta ya cancanci a koma masa. Ana duba ranar fitowarta ta ƙarshe, da ko ana amsa ƙorafin masu amfani, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a toshe ɓarakar da aka bayyana. Amma daɗewa ba tare da sabuwar siga ba shi kaɗai bai isa hujja ba, domin akwai ƙananan manhajojin da suka kammala aikinsu ba su buƙatar ƙari. A ɓangaren reshe kuma ana duba ko tsofaffin masu aikin da aka sani sun koma can, ko masu kula sun fi mutum ɗaya kuma ba daga kamfani guda suke ba, ko akwai gidauniya mai rajista da ke riƙe da suna da kuɗi, da kuma ko manyan nau'o'in Linux sun karɓe shi, tun da su ma suna tantancewa kafin su saka manhaja a rumbunsu. Reshen da mutum ɗaya ya ɓalle da shi cikin fushi yakan bushe kafin asalin ya bushe.

Ƙaura ita kanta tana buƙatar tsari, musamman ga makaranta ko ofis ko shagon buga takardu inda kwamfutoci suke da yawa. Matakin farko shi ne a kwafe dukan fayiloli a ajiye a wuri dabam, sannan a gwada sabuwar manhajar a kwamfuta ɗaya da ainihin takardun da ake aiki da su kullum, a ga ko tsarin shafi da lissafi sun fito daidai, kafin a sauya sauran. Ya kamata a sauke ta daga shafinta na asali kawai, domin masu damfara sukan buɗe shafuka masu kama da na gaskiya. Sauƙin ƙaurar ya danganta ƙwarai da irin fayilolin da aka ajiye aiki a ciki. OpenOffice da LibreOffice duka suna amfani da tsarin OpenDocument, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, shi ya sa takardar da aka rubuta da ɗaya take buɗewa a ɗayar. Haka kuma, da zarar an jinkirta, rassan biyu suna ƙara nisa da juna, ƙaurar da za a yi cikin yini ɗaya a farko sai ta koma aikin makonni.

Tarihin waɗannan manhajoji ya nuna cewa lasisi yana ba da damar ceto aiki, amma mutane ne ke ceto shi, kuma mutanen nan suna buƙatar tallafi, ko na kuɗi, ko na kai rahoton kuskure, ko na fassara manhajar zuwa harsunan da ba ta da su. Duk mai kwamfutar da har yanzu take ɗauke da OpenOffice, ko wata manhajar da ya daɗe bai ga sabuwar sigarta ba, ya dace ya bincika ranar da aka gyara ta a ƙarshe da kuma inda masu gyaranta suke a yau, ya bi su can ko da sun sauya suna.