Dogon Hutu: Gona Ma Makaranta Ce Ga Yaran Kankiya da Kusada

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada, in an ba yara hutun tsakiyar shekara sai a tara su sansani a bayan gari, a riƙa koya musu ilmin kimiyya da ƙere-ƙere da hannunsu. Cikin masu yin wannan akwai ƙungiyar yara manoma da ake kira 4-H. Tushenta kuwa tun 1902 ne, sa'ad da wani malami, A. B. Graham, ya tara yara a jihar Ohayo suna gwada ƙasar gona da irin masara. Manya da suka ƙi sauraron malaman gona, da suka ga abin da 'ya'yansu suka noma sai suka bi.

To, mutanen Kankiya da Kusada ba sai sun kafa sansani ba, domin dogon hutun makaranta a tsakiyar damina ya ke faɗowa, gero da gyaɗa da wake duk suna gona. Abin da ya rage shi ne kada a bar yaro da fartanya kaɗai. Ga gwaji uku da ba su cin ko kwabo.

Na fari, awon ruwan sama. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya yaro ya tsoma rula, ya rubuta zurfin ruwan a littafi, ya zubar. Milimita 1 cikin gwangwani daidai ta ke da lita 10,000 a kan hekta guda, watau duro 50. Ke nan gardamar ko ruwan jiya ya jiƙa ƙasa ta ƙare.

Na biyu, a tuge gindin gyaɗa ko wake guda, a wanke saiwar. Za a ga waɗansu 'yan ƙuraje. A tsaga ɗaya da reza: in cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin halitta ne ke aiki, suna kamo naitirojin daga iska, watau abin da manomi ke biɗa cikin buhun yuriya. Yaron da ya ga wannan ya san dalilin da kakanninsa suke haɗa gero da wake gona ɗaya.

Na uku shi ya fi shafar aljihu. A samo waken bara wanda ƙwaro ya fara shiga, a raba shi kwalba biyu. Ta ɗaya a cika ta maƙil, a toshe bakin ƙam yadda iska ba za ta shiga ba. Ta biyu a ɗaure bakinta da ƙyalle kurum. A ajiye su a inuwa, kada a buɗe sai bayan mako biyar. Ƙwaron nan a jikin wake ya ke yin ƙwai, tsutsa ta huda ta shiga, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, shi ma ya haihu. Saboda haka kwalbar ƙyalle za a tarar ƙwari sun yawaita, wake ya huhhuje. Ta toshe kuwa ƙwarin sun shaƙe 'yar iskar da ke ciki sun mutu, ba tare da magani ba.

Wannan dabara ce masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka bi suka fito da buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Fatake su lura, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Maganin nan kuwa cikin tukunyar gida ma ya kan ƙare.

Lalle ne malaman makaranta da iyaye su haɗa kai kan wannan, a sa 'yan mata a ciki, tun da ajiyar iri da abinci galibi a hannun mata ta ke. In an koma makaranta, kowane yaro ya kawo littafinsa da kwalabensa a duba gaban jama'a. Gani ya kori ji.