Hoton Biki: Amaryar Gida Ko Ta Instagram?

A bukukuwan yayyenmu da ƙawayenmu, mai hoto ya zama mai ba da umarni. Shi ke cewa amarya ta ɗaga haɓa, ango ya gyara zaman hula, 'yan anko su jeru su yi dariya ba tare da an faɗi abin dariya ba. Tun kafin ɗaurin aure an shiga sutudiyo an sauya kaya kala uku, sannan kwamfuta ta goge ƙuraje ta ƙara hasken fata. Har gwaggon amarya kan kalli hoton a waya ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?"

Ba mu ce kwalliya laifi ba ce. Wadda ta shafe awanni a hannun mai kwalliya ta cancanci a ɗauke ta da kyau, kuma hoton dangi a jere shi za a nuna wa jikoki wata rana. Damuwarmu ita ce abin da ke wucewa a bayan mai hoto. Yana can yana gyara zaman mayafi a gaban furannin roba, a tsakar gida kuwa ana kamu: ƙawaye sun ɓoye amarya, dangin ango na ciniki, tsofaffi na rangaɗa guɗa. Wannan ba a maimaita shi. Haka daren kai amarya, uba na nasiha muryarsa na rawa, uwa ta shige ɗaki saboda kara. Irin wannan hoton kan fito da ɗan duhu, kwalli ya zubo a kumatu, amma shi ne amarya ke nema idan kewar gida ta taso mata.

Kafin Instagram ya fito a 2010, albam ɗin biki a ɗaki yake zama, sai baƙo na kusa ake miƙa wa. Yanzu kuwa da waɗanda ba su san ma'auratan ba ake ɗaukar hoton a rai. Abin ya kai ana shirya har kukan, mai bidiyo ya ce, "Hajiya, a sake rungumar, ban kama ba."

Mu da layi ke matsowa kanmu, gara mu zauna da mai hoto tun kafin biki: a ware masa awa guda ya jera mu yadda yake so, sauran lokacin ya koma gefe ya yi shiru yana ɗauka. A kuma gaya masa hotunan kai amarya na gida ne, kada ya sa su a shafinsa don talla.